Tsagar Bangon Gidan Malam Dikko

Ku da kuke aza bulo da siminti, in kun ga tsohon soro sai ku ce wannan ai kowa ma zai iya, laka ce aka tara wuri ɗaya. Na ji ɗayanku ya faɗi haka rannan. Ban tanka ba, don akwai baƙi a wurin. Yau da muke mu kaɗai, ku ajiye cebur ɗin nan ku zauna, inuwa ta riga ta zo.

A Bodinga aka haife ni, Turawa na mulki. Gonar ubana ba ta isa ta riƙe mu duka ba, shi ya sa ya kama hannuna ya kai ni wurin ƙanin mahaifiyata, Kawu Arzika magini, ya ce, "Ga Nomau nan, ka koya mai abin da za shi ci da shi." Na ɗauka washegari zan hau bango. Sai da na yi rani da yawa ban hau ba.

Taka ƙasa shi ne aikin farko da ya ba ni. Mu haƙo jar ƙasa a bakin kududdufi, mu kwaso a kwando, mu zuba mata ruwa, a barbaɗa yankakkiyar ciyawa da kashin doki, sannan mu shiga da ƙafa. A taka, a rufe, a bar ta ta ruɓa har ta fara wari, a dawo a sake takawa. Kawu ba ya tambaya ko ta yi. Zai ɗebo dunƙule ya jefa a jikin katanga. In ta manne, shi ke nan. In ta zame ko kallonmu ba zai yi ba, mu ma mun san abin da ke nan. Daga taka ƙasa sai tubali. Ba mu da akwatin bugu irin naku, hannu ne ma'auni. A mulmula shi da faɗi a ƙasa da tsini a sama, kamar ƙatuwar albasa, a jera a rana har ya bushe ya yi ƙara in an ƙwanƙwasa. Magini na zaune a kan bango kamar mai hawan jaki, na ƙasa na jefo masa tubali yana cafewa ba tare da ya duba ba. In ka jefa a karkace ya faɗo, kanka zai nema.

Kayan aikinmu duka jaki ɗaya ke ɗauka: dagi na haƙa, galma, gatari, gizago na sassaƙar azara, da igiyar rama. Azara kuwa ita ce itacen giginya da ake tsagawa a yi rufi da shi, namijin ake nema, don gara ba ta iya masa. Abin auna miƙewar bango ba mu da shi. Ka sauko ka ja da baya, ka rufe ido ɗaya. Bango ya yi kauri a gindi, yana hawa yana sirancewa. Na gabas, inda ruwa ke dukansa, a shafe shi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da mata ke jiƙa mana a manyan tukwane. Wannan warin har yau in na ji shi sai in ji kamar za a kira ni in kawo kwando.

Kawu ya fi koya mini aiki a kango fiye da wurin sabon gini. In aiki ya kai mu Sifawa, inda tsofaffin gidaje suke da yawa, sai ya tsayar da jaki a gaban wani rusasshen ɗaki ya ce, "Nomau, mi yak kashe wanga?" In na ce ruwa, sai ya ce ai kowane gida ruwa na dukansa, don me na kusa da shi yake tsaye? Sai in koma in duba da kyau. Wani in tarar gara ce ta cinye itacen rufi, nauyi ya koma gefe ɗaya. Wani kanwar ƙasa ce ta ci gindin bangon har ya sirance kamar wuyan tulu. Wani saiwar ceɗiya ce ta bi ta ƙarƙashi ta ɗaga shi. Shi ya raba mini tsaga gida biyu, ta fata da ta ƙashi. Ta fata a yaɓe take tsayawa, komai muninta laka kaɗan ta ishe ta. Ta ƙashi daga ƙasa take tasowa, wani lokaci siririya ce kamar zare, kuma ita ce ke kashe mutane.

Akwai wani manomin albasa a bayan kasuwar Bodinga da ya so ɗaki kafin bikin ɗansa. Mun ɗaga bango zuwa ƙugu, Kawu ya ce a bar shi ya sha iska. Mutumin ya ce shi ba shi da lokacin shan iska. Kawu ya ɗaure kayansa a kan jaki, ya yi masa fatan alheri, muka tafi. Mutumin ya samo wasu suka ɗora ɗanye a kan ɗanye, suka gama kafin biki. Ango bai yi damina a ciki ba. Bangon ya yi ciki, ya dare daga sama har ƙasa, awaki suka gaji ɗakin. Mutumin ya dawo wurin Kawu da goro. Kawu ya karɓa, bai tuna masa da komai ba, muka je muka gina masa wani.

Aikin da ya kai ni Shagari barikin Bature ne, bayan an gama yaƙi sojoji sun fara dawowa. Daga wurin uban ƙasa aka aiko a kawo magina. Lokacin gwiwoyin Kawu sun daina hawa tsani, ni kuma na yi aure har da 'ya'ya, sai ya ce in ja mutanenmu in tafi. Baturen yana son tagogi manya, irin waɗanda mutum zai iya shiga ta ciki da rawaninsa. Mu a wurinmu taga 'yar huda ce da iska za ta bi, don duk inda ka huda bango ka rage masa ƙarfi, kuma daga kusurwar huda tsaga ke farawa. Muka ninka azara a kan kowace taga, muka ƙara wa bangon kauri. Baturen ya zo ya buga da sandarsa, ya ce wa tafinta ya yi. Amma ba labarin bariki zan ba ku ba, na masaukina ne.

An sauke ni a gidan Malam Dikko, mai karantar da yara. Dattijo ne marar yawan magana, shi da matarsa Inna Hassi kaɗai, Allah bai bar musu ɗa a raye ba. Tuwon da suka ci shi nake ci, ruwan wankana kuma a bayan zaure nake iske shi kafin in dawo daga aiki. Sun daɗe da niyyar tafiya Makka ta ƙasa, yadda ake yi a lokacin: a yi tafiya, a tsaya a yi aiki, a ƙara gaba. Wanda ya tafi haka ba ya sa ranar dawowa. Inna Hassi ta riga ta sayar da awakinta da yawancin tukwanenta. Abokan tafiya sun ce za a tashi kafin zafin bazara. Abin da ya rage shi ne gidan, kuma shi ne guzurinsu.

Mai son saye Altine ne, tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Bama. Mutumin Kajiji ne, amma ya ga motoci sun fara bin hanyar Sakkwato suna ɗaukar albasa, ya ce shi bakin hanya zai zauna. Ya zagaya gidan ya yi masa, ga zaure babba, ga ɗakuna, ga rumbu. Har an kusa kiran shaidu, sai ya kawo mahaifiyarsa, Inna Kulu, ta ga ɗakin da za ta zauna, na gabas, wanda ya fi kowanne sanyi da yamma.

Tsohuwa ce 'yar ƙarama, mai kallon abu sau biyu. Ta shiga ta fito, ta ja ƙyaure za ta rufe, ya ƙi. Ta ɗaga shi kaɗan, ya rufu. Ta dubi Malam.

"Malam, ƙyauren ga tun can haka shike?"

"A'a, bara waccan yaf fara. Na ce ko itace na yak kumbura."

"Itace da damina shika kumbura. Yanzu rani na." Ta juya wurin ɗanta. "An ce akwai magini gidan ga. A jira shi."

Da na dawo da la'asar na same su zaune a tsakar gida. Malam da kansa ya gaya mini abin da ake ciki, sannan ya ce, "Nomau, ka duba musu gidan ga awa ba ka taɓa cin tuwo cikinai ba."

Altine ya ja ni wurin da ya fi damunsa. Inda katanga ta haɗu da zaure akwai tsaga da hannu ke shiga, a miƙe daga sama har ƙasa, in ka leƙa kana ganin masu wucewa. Na ce masa wannan ba komai. An gina zauren tun zamanin mahaifin Malam, katangar kuwa daga baya aka jingina ta, ba a sarƙa tubalinta cikin na zauren ba. Sabon gini yana zama, tsoho ya riga ya zauna, dole su rabu, kuma kowannensu lafiyarsa ƙalau. A bayan ɗakin girki akwai wata baƙar tsaga da ke bin sawun ruwa. Na ɗaga kai na ga indararo ya karye, ruwan rufi a jikin bango yake sauka maimakon ya tsallake shi. A sa sabon indararo, ciwo ya warke. Bangon yamma kuwa duk ya yi faso kamar diddigen manomi. Na ɓamɓare da farce, na ga a yaɓe ya tsaya: an yi shi da tsakar rana, ciyawa kuma ta yi kaɗan. Altine ya fara murmushi, ya ce ashe gidan lafiya lau.

A ɗakin gabas ba a ganin komai daga nesa. Malam yana yaɓe shi kowace shekara kafin ruwa ya sauka, kamar yadda kowane mai gida yake yi. Sai da na shafa da tafin hannu na ji wani layi a ƙarƙashin sabon yaɓe. Na bi shi da tsinin wuƙa. Daga kusurwar ƙofa ya tashi, ba a miƙe ba, a karkace, ya fi buɗewa ta sama, kuma ya ratsa tubali ya fito ta ciki. Na zuba ruwa a daɓen ɗakin, ya gudu ya taru a kusurwar kudu. Na roƙi Inna Hassi ta ara mini taɓarya, na bi daɓen ina dukansa. Ta bakin ƙofa ƙasa na amsawa, taɓarya na dawowa hannu. Da na kai kusurwar sai na ji kamar buhun ƙaiƙayi nake duka.

Ban yanke magana ba. Tsaga takan yi tafiyarta ta tsaya, ta tsufa a haka, irin wannan ba a tsoronta. Mai tafiya ake tsoro. Na kwaɓa laka mai laushi na manna faci-faci a kan layin, na manna wasu a lafiyayyen bango don su zama shaida, na ce kowa ya bar su har kasuwa ta zagayo ta sake zagayowa. A kwanakin nan Malam bai tambaye ni komai ba. Tuwo bai ragu ba, miya ba ta canja ba.

Ranar da aka taru, facin da ke lafiyayyen bango yana nan yadda na bar shi. Na kan layi kuwa duk sun rabe biyu. Na nemi izinin Malam in haƙa ta waje, daidai kusurwar. Da farko jar ƙasa ce mai tauri. Can sai dagi ya nutse da kansa. Abin da ya fito a bakinsa ba ja ba ne, shuɗi ne mai duhu, haɗe da toka da fasassun tukwane. Na murza a hannu, ya rina mini yatsu.

Malam ya sunkuya ya duba, ya daɗe. "Marina ta," in ji shi. Ya ce ya taɓa jin mahaifinsa na cewa masu rini sun zauna ta wannan gefe kafin su koma kusa da ruwa, amma ba wanda ya taɓa nuna masa inda ramukansu suke. An cike su da shara da toka, shekaru suka bi ta kai, aka manta, aka gina ɗaki kusurwarsa ɗaya a bakin rami. Cikon yana ruɓewa yana sauka, kusurwar na binsa.

Altine ya ce, "To, magini, mi za shi faru?"

Na ce, "Shina iya kai shekaru. Shina iya tahiya damina mai zuwa in ruwa ya yi yawa. Ba ni iya ce maka ga rana. Amma ni ba ni kwana cikinai."

Altine ya ƙara kallon ramin. Sannan ya durƙusa gaban Malam ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ka yi min haƙuri. Na kwana cikin rami isasshe can inda anka kai mu. Ba ni sa uwata bisa rami. Akwai wani gida da anka nuna min kusa ga kasuwa."

Malam ya ce, "Gaskiya ta. Ko ni na, haka zan yi."

Inna Hassi da ke tsaye a bakin ɗakin girki ta juya ta shiga ciki. Kowa a wurin ya san in gidan bai sayu ba tafiya ta fasu, kuma mai shekarunsu ba ya cewa sai baɗi da ƙarfin zuciya.

Inna Kulu na zaune a kan turmi, tana kallo tun da aka fara haƙa. Sai ta yafito ni.

"Magini, sauran gidan, ka buga shi da taɓaryar?"

"Na buga, Inna."

"Shina amsawa?"

"Ko'ina."

Ta dubi ɗanta. "Wancan na kusa ga kasuwa, wa yab buga shi?" Altine ya ce ba kowa. Ta ce, "Wanga mun san ciwonai, kuma mai shi da bakinai yac ce a duba. Ɗaki guda na. A kada shi, a gina wani inda ƙasa ka amsawa."

Altine ya yarda. Malam ya ce in haka ne ginin a wuyansa yake, ba zai tafi ɗakin Allah ya bar wa wata ɗakin da bai ga rufinsa ba. Na ce masa, "Allah shi gafarta Malam, abokan tahiyarka ba su kai wannan lokaci. Tubali na son rana, bango na son iska. Ba ni ɗora ɗanye bisa ɗanye."

Ya ce, "Ban ce ka ɗora ba."

Da muka gama aikin bariki muka koma kan nasa. Iyayen yaran da ya karantar suka fito gayya. Malam da kansa ya naɗe wando ya shiga kwaɓi, gemunsa duk laka. Altine ke jefo mini tubali, kuma ban taɓa samun mai jifa kamarsa ba, ko ina na miƙa hannu a nan zan same shi. Azarar tsohon ɗakin lafiyarta ƙalau, ita muka sake amfani da ita. Harsashi kuwa sai da dagi ya fara tsalle a kan birji, ƙasa mai taurin dutse, na yarda aka aza tubalin farko.

Ramin da ya lalata ɗakin ya ba mu abin da ba mu zata ba. Abin da ke kwantawa a gindin ramin rini shi ake kira katsi, kuma babu abin da magini ke nema kamarsa. A ƙona shi, a daka, a haɗa da gashin akuya daga wurin majema da ruwan saiwar dafara mai yauƙi, ya zama laso. Rufin da aka shafe da laso ruwa sai dai ya zame ya wuce. Gidajen sarakai kaɗai ke samunsa. Mun haƙo wanda ya ishi sabon ɗaki da zaure har da sauran rufin gidan, sannan muka mayar da ƙasa. Inna Kulu ta ce kada a ƙara aza komai a wurin, kuɓewa za ta shuka.

Bango na kafaɗa abokan tafiya suka tashi. Malam ya raka su har bayan gari, ya dawo ya tuɓe rigar da ya sa, ya koma cikin laka. Sai da aka gama rufi aka kira shaidu. Altine ya san direbobi, ya samar musu wuri a motar albasa zuwa Gusau, daga nan jirgin ƙasa ya kai su Kano, inda aka ce mutanensu sun tsaya neman guzuri. Inna Kulu ta ɗaura wa Inna Hassi ƙullin daddawa da kuka a bakin zane. Motar ta tashi suna zaune a kan buhuna.

Shekarar da ta fi kowace muni a sana'armu ba ta fari ba ce. In an yi fari ba mai gini, sai mu tafi cin rani mu dawo. Marka ce ta karya mu. Ba ruwa mai ƙarfi ba, yayyafi ne da ba ya ɗaukewa, rana ba ta leƙowa balle bango ya sha iska. Ginin ƙasa yana jure duka, jiƙo ne ba ya jurewa. A Bodinga kana zaune sai ka ji dum daga wata unguwa, kowa ya shiga tunanin gidan wa ne. Rumbuna suka zube da hatsi a ciki. Kawu, da ba ya iya tafiya sai da sanda, ya yafa buhu a ka ya bi gidajen da ya gina ɗaya bayan ɗaya yana shafa bango. Inda ya ce a fita, a fita. Wata mata ta ce ita ba inda za ta. Ya zauna a bakin ƙofarta cikin ruwa ya ce shi ma ba inda za shi. Don kunyarsa ta kwashi 'ya'yanta ta fito, kafin la'asar ɗakin ya zauna. Ba a rasa rai a gidan da ya taɓa ginawa ba. Shi kuwa sanyi ya kama masa ƙirji, bai ga girbi ba.

Da hanya ta bushe na je Shagari. Inda tsohon ɗakin gabas yake ya nutse har ƙugu, ya cika da ruwa, kwaɗi na kuka a ciki. Rufin gidan ko ɗigo bai yi ba. Zaure cike da maƙwabtan da nasu ya faɗi, da tabarminsu da kajinsu, Inna Kulu na tsakiya tana raba kunu. Ta gan ni ta ce, "Magini, ka zo ganin raminka? Ya cinye min kuɓewa." Ta miƙo mini ludayi.

Ranin da ya biyo baya mun yi aikin da ba mu taɓa yi ba, yawancinsa don tuwo, saboda ba wanda ya rage da komai. Amma mutane sun tsorata da ƙasa. Duk wanda albasa ta yi wa kyau sai ya ce rufin kwano yake so, daga kwano sai siminti. Ban ce ba su da amfani ba. Ku dai shiga ɗakin kwano da azahar a bazara, sannan ku shiga soro. Kuma kada ku ɗauka siminti ya raba ku da abin da nake faɗa. Bulo ma a kan ƙasa yake tsaye, ga manyan motoci yanzu na girgiza ta dare da rana, ga dogon yaro da ake shukawa jikin bango yana shan damshinta. Wanda ya ce ku duba masa gida kafin ya saya, kada fenti ya ɗauke muku ido. Ku buɗe ƙofofi ku rufe, ku bi inda ruwa ke sauka, ku nemi mafi tsufa a unguwar ku tambaye shi me ke wurin kafin gidan.

Gab da tafiyar Turawa Altine ya aiko mini ta bakin wani direba, ya ce in zo da dagina. Na tarar da wani tsoho a zaure, ya rame, gemu fari fat, ido ɗaya ya tafi. Sai da ya yi magana na gane Malam Dikko. Sun kai Makka. A hanyar dawowa suka tsaya aikin auduga a ƙasar Sudan, a can Inna Hassi ta rasu, ya ƙaraso shi kaɗai. Altine ya ce ya fito da safe ya same shi tsaye a ƙofar gida yana sallama kamar baƙo. Wai ya zo ne ya ga gidan kawai, sannan ya nemi masallacin da zai riƙa kwana.

Inna Kulu ta riga ta rasu a lokacin, 'ya'yan Altine mata sun cika ɗakinta. Altine ya ce da ni, "Nomau, ɗaki nika so, kusa ga zaure, inda za shi ji kiran salla." Ya juya wurin Malam. "Baba, a sa maka kwano?"

Malam ya ce, "In da hali, ƙasa."

Shi ne soro na ƙarshe da na rufa da azara a Shagari. Malam ba ya iya shiga kwaɓi kuma. A inuwa yake zama, yaran gidan kewaye da shi da allunansu, in na ɗaga kai sai in ga idonsa ɗaya na bin tubali daga ƙasa har hannuna. Ba wanda ya gaggauta ni. Bango ya sha iska yadda yake so.

Ranar da daɓe ya bushe, Altine ya ɗauki buzun Malam da butarsa ya kai ciki. Da hantsi ne. Malam ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe, ya ce tun da ya bar Shagari bai kwanta inda ba za a ce masa ya matsa ba. Ya shiga ya zauna a kan buzu, ya jingina bayansa da bango, ya rufe ido. Muka tsaya muna jira ya ƙara wata magana. Can Altine ya taɓa ni ya nuna da baki. Barci ya ɗauke shi. Muka kwashe kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, na riƙe dagi a hannu don kada ya bugi galma, muka fita.